Maquis: daji za mu ce ko tunga?

Jama'a, ina neman taimako. Ina fassara wani bayani daga Faransanci kan farkon yaƙin neman 'yancin Aljeriya, kalmar maquis ta tare mini hanya. Asalinta ƙungurmin ƙaya ne na tsibirin Kosika, inda masu gudun hukuma ke ɓuya. Daga baya Faransawan da suka yaƙi mamayar Jamus suka ɗauke ta. Su ce wane ya shiga maquis, wato ya bar gida ya ɗauki bindiga.

Ga inda take fitowa. A daren 1 ga Nuwamba 1954 ƙungiyar FLN mai fafutukar 'yantar da Aljeriya ta kai hare-hare a sassan ƙasar, mafi zafi a duwatsun Ores ƙarƙashin Mustafa Ben Bulaid. Makamansu kaɗan ne, galibi bindigogin farauta da ragowar na Yaƙin Duniya na Biyu. Shi kuwa Karim Belkasim, ɗaya daga cikin jagororin FLN, tun 1947 yake maquis a yankin Kabiliya.

Wani ɗan'uwa ya ce a rubuta "sari-ka-noƙe". Allah ya saka, amma wannan dabarar faɗa ce, kamar yaƙin sunƙuru. Ba a zama a cikin sari-ka-noƙe, alhali maquis wuri ne da ake kwana a tashi.

Da yawa sun ce "daji", su ce "ya shiga daji". Ta fuskar ma'ana babu wadda ta kai ta kusa. Sai dai ku tuna abin da kunnen mutumin Zamfara ko Katsina ke ji yau in an ce 'yan daji. Da na rubuta haka na mayar da mayaƙan Aljeriya ɓarayin shanu, wanda kuwa shi ne ainihin abin da gwamnatin Faransa ta wancan lokaci ke so: fallaga take kiransu, 'yan fashi, ta ce Aljeriya Faransa ce, babu yaƙi sai dawo da doka.

Wata malama daga Damagaram ta kawo "tunga", kuma ni hankalina ya kwanta da ita. Ranki ya daɗe, kin warware. Tunga na da mutane, na da shugaba, na da tsari. A Agustan 1956 shugabannin FLN na cikin gida sun yi taro a kwarin Sumam, Abane Ramdane na kan gaba. Suka raba ƙasar wilaya shida, wato yankuna shida, suka tsara muƙaman soja, suka yanke cewa ɗan siyasa ne gaba da mai bindiga, shugabannin cikin gida kuma gaba da na waje da ke zaune a Alƙahira. Akwai masu tara kuɗi, masu shari'a, masu jinya. "Maɓoya" ba za ta ɗauki wannan nauyi ba.

Ga abin da zan rubuta: maquis, tungar 'yan gwagwarmaya. Belkasim ya ja tunga a duwatsun Kabiliya. Saura maquisard, wato mutumin da ke cikin maquis: "ɗan tunga" bai yi mini daɗin baki ba, don haka na bar shi a ɗan gwagwarmaya. Mai wadda ta fi, bismillah.