Mace a sahun gaba na yaƙi: ƙarfin jiki ne matsalar ko tsarin horo?

Bakatsine ya rubuta:

Assalamu alaikum. Jama'a, masu sanin harkar soja a cikinmu don Allah a warware mana wannan. Amurka ta buɗe wa mata dukkan ayyukan faɗa tun ƙarshen 2015, Birtaniya ta kammala buɗe nata a 2018, amma har yau ana ta ja-in-ja, har ma a 2025 Amurkan ta sake taɓa ma'aunin gwajin ƙarfi. Masu cewa a'a, mene ne hujjarsu ta zahiri, ban da cewa "ba a saba gani ba"? Masu cewa e kuma, da me suke amsa maganar nauyin kaya? Lissafi nake so, ba zafin kai ba.

Tsohon Saje ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam Bakatsine, fara raba maganar gida biyu, don a nan mutane ke ruɗewa. Akwai shiga yaƙi, akwai kuma aikin sojan ƙafa. Na farkon tuni aka wuce wurin: mace na tuƙa jirgin yaƙi, tana harba makami daga jirgin ruwa, tana jan ayarin motoci a hanyar da aka binne nakiya. Gardamar da ta rage a kan wurare uku ko huɗu take, wato dakarun ƙafa, tankokin yaƙi, manyan bindigogin atilare, da dakaru na musamman. Abin da ya haɗa su duka kuwa nauyi ne.

Dubi gwajin da sojan Birtaniya ya kafa wa mayaƙan ƙafa a 2019, mace da namiji ma'auni ɗaya. Tafiyar kilomita 4 da kaya kilo 40 cikin minti 50, ka huta kaɗan, sannan kilomita 2 da kilo 25 cikin minti 16. Jan buhu mai kilo 110 tsawon mita 20, wanda ke matsayin abokinka da aka harba, da sulkensa da bindigarsa da komai. Ɗaukar jarka biyu, kowace kilo 22, tsawon mita 240, a madadin ɗaukar majinyaci a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Ɗaga kilo 70 sama, kamar kana zaro mutum daga ƙofar saman motar sulke. Ba wanda ya ƙirƙiri waɗannan lambobin don a kori wani. Aikin aka auna. Harsashin atilare mai milimita 155 ya kai kilo 43, kuma ba sau ɗaya za ka ɗaga shi ba, sai dai ka yi ta ɗagawa har a ce a tsagaita wuta. Na tanka mai milimita 120 ya haura kilo 20, ana cusa shi a wuri matsattse, motar na tafiya tana jijjiga.

Babbar hujjar masu adawa ita ce binciken da rundunar Marin ta Amurka, wato dakarun da ke kai farmaki daga teku zuwa tudu, ta fitar a 2015. Sun haɗa sojoji kusan 400, kimanin 100 mata, suka yi ta atisaye na watanni. A cikin ayyuka 134 da aka gwada, tawagar maza zalla ta fi mai gauraye a 93, wato kashi 69 cikin ɗari. Inda tazarar ta fi fitowa shi ne tafiya da manyan makamai, haura katanga da kaya, da kwashe wanda ya ji rauni. Matsakaicin nauyin namiji a binciken kusan kilo 81 ne, na mace kusan 64. To ɗora musu kilo 40: shi ya ɗauki rabin nauyinsa, ita ta ɗauki kusan kashi biyu bisa uku na nata. Jakar ba ta san jinsi ba, ba ta kuma ragewa. Da wannan ne Marin suka nemi a keɓe su daga buɗe wa mata wasu ayyukan faɗa, sakataren tsaro na lokacin Ash Carter ya ƙi a Disamba 2015.

Ra'ayina: ban ce a rufe ƙofa ba, amma duk ranar da aka sassauta ma'auni don a cika adadi, an cuci tawagar, an kuma cuci matar da ta ci da guminta.

Likitan Ƙashi ya amsa:

Saje ya kawo nauyi, bari in kawo abin da nauyin ke yi wa jiki, don a nan ne ake asarar mata da yawa tun kafin su ji ƙarar harsashi.

Bambancin halitta gaskiya ne. A matsakaici ƙarfin hannu da ƙirji na mace yana tsakanin rabi zuwa kashi 60 na na namiji, na ƙafa ya fi kusa, wajen kashi biyu bisa uku. Ƙashin ƙwaurinta ya fi siranta. Abin da ke biyo baya shi ne tsagewar ƙashi ta gajiya: ba faɗuwa aka yi ba, ba duka ba, ƙashin ne ake ta bugawa kullum da sauri fiye da yadda yake iya gyara kansa. Ƙashi na ɗaukar makonni kafin ya saba da sabon nauyi, kuma a farkon sabawar ma rauni yake ƙarawa, don jiki na fara cinye tsohon ƙashi kafin ya zuba sabo. Shi ya sa matsalar ke ɓullowa a makonnin farko na horon kurata. Wuraren da take kamawa su ne ƙwauri, ƙananan ƙasusuwan tafin ƙafa, wuyan ƙashin cinya, da ƙashin ƙugu. Na wuyan cinya shi ne mugun, in aka yi sakaci ya karye gaba ɗaya sai tiyata, aikin soja kuma ya ƙare. A wancan binciken na Marin, kashi 40.5 na matan sun samu raunin ƙashi ko tsoka, maza kashi 18.8.

Birtaniya ta taɓa ganin haka. A 1998 ta haɗa kurata maza da mata a horo iri ɗaya. Sallamar mata saboda irin wannan rauni ta tashi daga kashi 4.6 zuwa 11.1, ta maza ba ta kai 1.5 ba.

Amma ga ɗaya gefen, wanda masu adawa ba su cika ambata ba. Kaso mai yawa na raunin daga tsarin horo yake, kuma yana gyaruwa. Misali mafi kyau na sojan Ostireliya ne a farkon shekarun 1990. Tsagewar ƙashin ƙugu a kuratansu mata ta kai kashi 11.2. Dalili? Maci. Takun fareti inci 30 ne, kusan santimita 76, an yanka shi ne da tsawon ƙafar namiji. Gajeriyar mace da aka saka a bayan layi dole ta riƙa buɗe ƙafa fiye da ƙima don ta kamo na gaba, tsokar cinya ta yi ta fizgar ƙashin mara har ya tsage. Sai suka rage saurin maci daga kilomita 7.5 zuwa 5 a awa, suka bar kowa ya yi takunsa, suka mayar da gudu kan ƙasa mai laushi, suka sauya dogon gudu da gajeru ana hutawa tsakani. Adadin ya faɗo zuwa kashi 0.6. Ba a canja matan ba.

Sauran gyare-gyaren ba su da tsada. A sa gajeru a gaban layi su yanke saurin tafiya. A fara ɗaga ƙarfe watanni kafin a fara tafiya da kaya, a kuma ƙara nauyin jaka kaɗan-kaɗan, kada a ƙara nauyi da nisa a mako guda. A auna jini, don ƙarancin sinadarin ƙarfe ya yi yawa a matasan mata, horo kuma na ƙara shi, mai ƙarancin jini kuwa numfashinta ba ya kaiwa. Wani gwaji a kan kurata mata fiye da 5,000 na sojan ruwan Amurka ya nuna cewa ba su kalsiyam miligiram 2,000 da bitamin D kullum ya rage tsagewar ƙashi da kashi 20. Idan haila ta ɗauke wa kurtu, kada a ce an huta, alama ce cewa abincin bai kai aikin ba, kuma ƙashi ne zai biya.

Sai kayan aiki. Rigar sulken da aka ɗinka wa namiji ta yi wa mace tsawo, tana dukan cinya in ta durƙusa, kafaɗarta ta yi faɗi har gindin bindiga ba ya zama daidai, saitin ya lalace. Sai a 2012 sojan Amurka ya fara gwada sulken mata. Akwai ma abin da ba a son faɗa: mace a cikin ayari ko ramin tsaro kan ƙi shan ruwa don kada fitsari ya kama ta a gaban maza, ƙarshenta ciwon mafitsara ko zafi ya kayar da ita. Maganinsa ɗan mazurarin roba ne da ke ba ta damar yi a tsaye, da kwamandan da ya san ya tsara lokacin.

Uwar Biyu ta amsa:

Na gode Likita. Yallaɓai Saje, da girmamawa, binciken Marin ɗin nan ana ɗora masa kayan da bai ɗauka ba. Matsakaici ya auna, alhali ba matsakaiciyar mace ce ke neman shiga dakarun ƙafa ba. Kuma da yawa daga mazan da aka gwada sun riga sun yi aiki a bataliyoyin faɗa, matan kuwa daga makarantar horo suka fito ko daga wasu ayyukan. Tambayar da doka ke amsawa ita ce, wadda ta ci gwajin, da wane dalili za a hana ta? Kristen Griest da Shaye Haver sun gama makarantar Ranger ta sojan ƙasan Amurka a Agusta 2015, kwas na wata biyu na yunwa da rashin barci da maza da yawa ke faɗuwa. 'Yan kaɗan ne, na yarda. Kanada ta buɗe ƙofa tun 1989, har yau mata a dakarun ƙafarta ba su da yawa. Ƙarancin adadi dai ba hujjar haramci ba ne.

Abu na biyu, tsohuwar dokar Amurka ta 1994 ta hana a tura mace rundunar da ke ƙasa da birged (runduna mai sojoji 'yan dubbai) idan aikinta faɗan ƙasa ne kai tsaye. Dokar ta ɗauka akwai layin gaba da na baya. Iraki da Afganistan suka rusa wannan zato. Saje Leigh Ann Hester 'yar sandan soja ce mai rakiyar ayari, aka yi musu kwanton ɓauna a 2005, ta shiga ramukan maharan da gurneti, ta samu lambar jarumta ta Silver Star. Sannan sojojin sun ga ba za su iya lalube matan gari ko shiga ɗakunansu ba, sai suka riƙa "aro" mata sojoji suna fita sintiri da su. A takarda ba mayaƙa ba ne, don haka ba a ba su cikakken horon faɗa ba, kuma hidimar ba ta shiga lissafin ƙarin girma ba, tunda manyan janar-janar galibi daga sassan faɗa suke fitowa. Laftanar Ashley White a irin wannan aikin nakiya ta kashe ta a Kandahar a 2011. Wannan rashin adalcin ne ya kai ga sakataren tsaron Amurka na lokacin, Leon Panetta, ya soke dokar a Janairu 2013.

Mu ma nan ba baƙon abu ba ne. Tun da Boko Haram ta fara tura mata da bam a 2014, shingen bincike a Arewa maso Gabas da babu mace soja ko 'yar sanda yana da rami, don namiji ba zai ɗaga hijabin matar mutane ba, kuma bai kamata ba. Makarantar horon hafsoshin soja ta NDA da ke Kaduna ta karɓi mata 20 na farko a kwas ɗin hafsoshin faɗa a 2011, sojan ƙasa ya kafa sashen mata a 2018, a Janairu 2021 kuma aka jibge mata sojoji 300 a hanyar Abuja zuwa Kaduna. A sama, Kafayat Sanni da marigayiya Tolulope Arotile sun samu shaidar zama matuƙan jirgi a 2019, ɗaya jirgin yaƙi, ɗaya helikwaftan yaƙi.

Bakatsine ya sake rubutawa:

Madalla. To Hajiya, maganar haɗin kan tawaga fa, da zaman maza da mata a rami ɗaya? Mu a wajenmu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tsohon Saje ya amsa:

Bari in tari wannan. Ƙasashe hanya uku suka bi. Isra'ila ta yi bataliyoyin gauraye irin su Karakal, inda mata suka fi yawa, amma aikinsu tsaron iyaka ne, galibi da mota, ba doguwar tafiya da kaya ba, manyan birged ɗinta na ƙafa kuwa sun daɗe maza zalla. Norway ta kafa tawagar mata zalla ta dakaru na musamman a 2014, bayan ta ga buƙatar hakan a Afganistan. Amurka kuma ta bi tsarin "shugabanni tukuna": sai an kai hafsa ko saje mace bataliya kafin a tura ƙananan sojoji mata, don kada yarinya ɗaya tilo ta tsinci kanta cikin maza ɗari ba wanda za ta kai wa kuka. Inda abin ke lalacewa shi ne cin zarafi da ake rufewa, da kwamandan da ke nuna fifiko, ko na tausayi ko na ƙiyayya. Makwanci daban, banɗaki mai sakata, hanyar kai ƙara da ba ta bi ta hannun wanda ake ƙara ba, waɗannan sai an tanade su kafin mace ta farko ta iso. A sansanin daji da ruwan sha ma sai an yi rabo, tanadin ba sauƙi gare shi ba, kuma kuɗi ne.

A kan ma'auni kuwa, Hajiya, ina ganin ba mu saɓa ba. Sojan ƙasan Amurka ya gwada gwaji ɗaya ga kowa, mata da yawa suka faɗi a wajen rataya a sanda ana naɗo gwiwa zuwa gwiwar hannu, a 2022 aka cire wannan aka koma ba da maki bisa jinsi da shekaru. A 2025 aka dawo da ma'auni ɗaya, amma ga sana'o'in faɗa 21 kawai. Wato an raba gwajin lafiyar jiki, wanda zai iya bambanta, da gwajin aiki, wanda ba zai iya ba. Akawun albashi ba ya buƙatar jan kilo 110. Mai ɗaukar babbar mashinga mai kilo 12 da ɗamarar harsasanta yana buƙata, kuma a sake gwada shi duk shekara, don akwai mazan da tumbi ya riga ya fitar da su daga ma'aunin ba wanda ya ce musu uffan.