Na'urar gano ƙwayoyi da aka zana wa CLIC, za ta yi aiki a FCC-ee?

Ɗalibin_Fizis:

Assalamu alaikum malamai. Akwai abin da ya ɗaure mini kai. CLIC da FCC-ee injinan gwara ƙwayoyi ne da aka zana amma ba a gina ba tukuna. Na'urar gano ƙwayoyi ta CLD da ake shirya wa FCC-ee daga zanen CLICdet, wato na'urar CLIC, aka ɗauko ta, alhali CLIC miƙaƙƙen inji ne, FCC-ee kuwa zobe ne mai kewayen kusan kilomita 91. Haka na'urar da aka fara zana wa CEPC, zoben da ake shirin ginawa a China, tushenta ILD ce, na'urar da aka zana wa ILC, wanda shi ma miƙaƙƙen inji ne. Tunda duka ilektron da fozitron suke gwarawa, me zai hana a kwafi zanen kawai a huta? Wane sashe ne ke tafiya yadda yake, wanne ne dole a sake?

Solenoyid:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ƙwayoyin da ke fitowa daga karon iri ɗaya ne, amma yadda injin ke kawo su ba ɗaya ba ne, kuma nan gizo ke saƙa.

Fara da lokaci. A ILC curin ƙwayoyi 1312 ke zuwa a jere cikin ƙasa da milisakan 1, sai shiru na kusan milisakan 200, wato sau 5 a sakan. A CLIC sau 50 ne a sakan, kuma jerin bai kai nanosakan 200 ba. Saboda wannan doguwar tazara ake kashe yawancin wutar na'urorin karatu tsakanin jeri da jeri, a kunna daf da isowar na gaba. Zafin ya ragu ninkin-ba-ninkin, har iska kaɗai kan isa sanyaya sashen tsakiya. A FCC-ee, idan ana aiki a ƙarfin da ke samar da ƙwayar Z, curi na bin curi kowane nanosakan 20 zuwa 25, ba tsayawa. Babu lokacin kashe wuta. Dole a sa bututun sanyaya da wayoyi masu kauri, kuma duk abin da ka ƙara a gaban ƙwaya yana karkatar da ita kafin ka auna. Ma'aunin ƙwayoyi marasa ƙarfi shi ke fara lalacewa, su ne kuma suka fi yawa a Z.

Sai maganaɗisu. CLICdet tesla 4 ne. A FCC-ee kwararar biyu suna giftawa da kusurwar miliradiyan 30, saboda haka kowace tana ratsa filin maganaɗisun a karkace. Idan filin ya yi ƙarfi, kwararar ta kumbura ta tsaye, yawan karo ya faɗi. Shi ya sa aka tsayar da shi a tesla 2. Ingancin auna saurin ƙwaya yana tafiya da ƙarfin fili sau tsawon sawu sau kansa. Yi lissafin da kanka: 4 × 1.5 × 1.5 ya ba da 9, sannan 2 × 2.15 × 2.15 ya ba da 9.2. Dalilin da ya sa aka faɗaɗa sashen bin sawu daga mita 1.5 zuwa kusan 2.15 ke nan. Amma ba kyauta ba ne, domin kalorimita (mai shanye ƙwaya don auna ƙarfinta) ta silikon da tungsten da ke kewaye da shi ita ma sai ta girma, ita ce kuwa mafi tsada. An ɗan rage asarar ta bayan: kalorimitar hadron (ƙwayoyi irin su furoton da payon) ta sauko daga kaurin 7.5 zuwa 5.5 na ma'aunin shanye hadron, tunda ƙarfin karon FCC-ee GeV 365 ne iyakarsa, ba TeV 3 (GeV 3,000) irin na CLIC ba.

Mai_Gas:

Malam Solenoyid ya yi bayani, sai dai ya tsallake bakin na'urar. A CLIC maganaɗisun ƙarshe mai matse kwarara yana mita 6 daga wurin karo, a waje yake. A FCC-ee mita 2.2 ne, wato a cikin cikin na'urar, tare da wani solenoyid, wato maganaɗisun naɗin waya, mai soke filin babban maganaɗisun na'urar. Ma'aunin yawan karo ya matso zuwa kusan mita 1, kuma ana son daidaitonsa ya kai 1 cikin 10,000, abin da ke nufin sanin gefensa na ciki zuwa kusan maikiromita 1. Wannan yanki ba a gadonsa, daga farko ake zana shi.

Wanda ya fi ba da wahala shi ne ɗakin gas mai bin sawu na ILD, wato TPC. Ilektron ɗin da ƙwaya ta fizge daga gas suna isa faranti cikin gomman maikirosakan, amma ayon ɗin da aka bari a baya, wato ƙwayoyin gas da suka rasa ilektron, suna jan ƙafa har wajen rabin sakan. A ILC ana buɗe ƙofar tare ayon lokacin jeri, a rufe lokacin shiru. A zobe babu shiru, ga dubun-dubatar Z a kowane sakan, ga tarkacen kwarara. Ayon su taru, su lanƙwasa filin lantarki, sawun da ka gani ya kauce daga inda ƙwayar ta bi. ALICE, wata na'ura a cibiyar bincike ta CERN mai irin wannan ɗakin gas, ta nuna ana iya karatu ba tsayawa da farantan GEM, wato farantai masu ƙananan huji masu hana ayon komawa zuwa ƙasa da kashi 1 cikin 100, amma daidaiton da ake nema a nan ya fi nata tsanani.

Ɗalibin_Fizis:

Na gode malamai. To me ya rage da ake gada ke nan? Kuma injin gwara muwon fa?

Mai_Manhaja:

Abin da ya rage ba kaɗan ba ne, ƙanena. Tsarin auna kowace ƙwaya a sashen da ya fi iya ta yana nan daram: kusan kashi 60 na ƙarfin feshin hadron ƙwayoyi masu caji ne, sashen bin sawu ke auna su, 30 foton ne, 10 kacal ke dogara da kalorimitar hadron. Ɗakunan silikon na milimita 5 × 5 da na sintileta (robar da ke ba da haske idan ƙwaya ta ratsa ta) santimita 3 × 3, waɗanda ƙungiyar binciken kalorimita ta CALICE ta shafe shekaru tana gwadawa, suna hidima a kowane injin ilektron. Manhaja kuma ita ce babban gado: DD4hep don siffar na'ura, Geant4 don kwaikwayo, Pandora don haɗa ƙwayoyi, duka a ƙarƙashin Key4hep.

Ga jerin aikin. Ka sauya girma da fili a fayil ɗin siffa, ka ƙara nauyin kayan sanyaya na gaskiya. Ka harba foton, muwon da kayon marasa caji ɗai-ɗai don sake daidaita kalorimita. Mutane da yawa nan suke tuntuɓe: su bar lambobin daidaitawa na CLIC, sakamako ya yi muni, su ɗora wa zane laifi. Bayan haka ka ɗora tarkacen kwarara na sabon injin a kan kowane karo, sannan ka auna. Ka kuma tambayi kanka ko zanen ya dace da binciken: CLICdet ba a gina ta don bambance kayon da payon ba, a Z kuwa ana buƙatar haka ƙwarai, shi ya sa IDEA, wani zanen na'ura na FCC-ee, ta zaɓi ɗakin gas mai wayoyi.

Solenoyid:

Kan muwon: nan ma da zanen CLIC aka fara nazarin TeV 3. Matsalar ita ce muwon maikirosakan 2.2 yake rayuwa idan yana tsaye, saboda haka yana rugujewa a cikin bututu, ilektron ɗinsa su yi ta watsa tarkace. Ana toshe gaba da baya da mazurarin tungsten mai kusurwar kusan digiri 10, ka rasa duk abin da ya bi ta nan. Ragowar tarkacen da lokaci ake tace shi, don haka kowane faifan silikon sai ya auna isowar ƙwaya zuwa fikosakan 30 zuwa 60.

In kuwa ƙarfen kansa kake tambaya, an taɓa yi. Solenoyid ɗin na'urar BaBar ta cibiyar SLAC shi aka sa a cikin na'urar sPHENIX a Brookhaven, duka a Amurka, na'urar Belle II ta Japan kuma ta riƙe maganaɗisun Belle mai tesla 1.5 da duwatsun kalorimitarta, ta sake sashen tsakiya da na'urorin karatu gaba ɗaya.