Filta mai zango biyu, 28 da 39 GHz: zangon sama ya ƙi zama inda nake so

Sabon_Injiniya:
Assalamu alaikum malamai. Ina zana filtar maikurostirip (siraran layukan jan ƙarfe a kan faranti) da za ta bar zangon mita biyu na 5G su wuce, n261 (27.5 zuwa 28.35 GHz) da n260 (37 zuwa 40 GHz), a kan farantin RT/duroid 5880 mai kaurin 0.127 mm. Na ɗauki rezoneta (guntun layi mai amo a wata mita) mai matakin impidans, wato SIR, amma da zarar na gyara zangon ƙasa sai na sama ya gudu. Asarar sigina a 28 GHz kuma ta haura 2 dB tun a manhajar kwaikwayo ta HFSS. Ta ina zan kama?

Malam_RF:
Wa alaikumus salam. Matsalar daga zaɓin rezonetar take. Tsakiyar zangunanka 27.9 da 38.5 GHz ne, rabonsu 1.38 kacal. A SIR mai sassa masu tsawo ɗaya, rabon mita ta biyu da ta farko shi ne π/(2·arctan√K), inda K ke nufin impidans na bakunan a raba da na tsakiya. Kafin ka sauko zuwa 1.38 sai K ya kai kusan 4.7, misali om 25 a tsakiya, om 117 a bakuna. A farantinka layin om 25 faɗinsa wajen 1 mm ne, na om 117 kuwa bai kai 0.1 mm ba. Ga wahalar ƙerawa, ga shi kowane tsawo ka taɓa mitocin biyu ne za su motsa tare.

Koma kan layin rabin tsawon igiya mai buɗaɗɗen reshe a daidai tsakiyarsa. A yanayin amo na farko boltej sifiri ne a tsakiyar layin, saboda haka reshen kamar babu shi, tsawon layin L kaɗai ke yanke mitar ƙasa. A yanayi na biyu reshen yana cikin tafiyar, mitar tana bin L + 2Ls (Ls shi ne tsawon reshen), muddin impidans na reshen rabin na layin ne. Da εeff, wato ƙimar dielectric da layin ke gani, kusan 1.87 (layin om 50, faɗi wajen 0.39 mm), L zai fito 3.9 mm, Ls kuma 0.9 mm. Fara kafa L, sannan ka ja zangon sama da Ls, na ƙasa ba zai gusa ba.

Kada ka manta da buɗaɗɗen baki. Filin lantarkin da ke malalowa a ƙarshen layi yana ƙara masa kusan 0.06 mm a kowane baki. Bakuna biyu 0.12 mm ke nan, kashi 3 cikin ɗari na L, wato mitar za ta sauka da kusan faɗin n261 ɗungurungum.

Injiniya_Mita:
Na yarda da Malam. A kan asarar kuwa, ɗan'uwa, 2 dB ɗin nan ba kuskuren zane ba ne, lissafi ne ya ba da haka. Ƙiyasin Cohn ya ce asara ≈ 4.343·Σg/(FBW·Qu), inda Σg ke nufin jimillar ƙimomin g na samfurin filta, FBW faɗin zango a raba da mitar tsakiya, Qu kuma ma'aunin ingancin rezoneta ita kaɗai. Filta samfurin Chebyshev mai rezoneta biyu da kaɗawar 0.1 dB yana da g1 = 0.8431, g2 = 0.6220. Faɗin n261 kashi 3 ne cikin ɗari. Mu ƙaddara Qu 100 ne, za ka samu 2.1 dB. Wannan Qu ɗin a n260, mai faɗin kashi 7.8, asarar kusan 0.8 dB ce kawai. Idan tsarin zai lamunta, faɗaɗa zangon ƙasa ya rufe n257 (26.5 zuwa 29.5 GHz), asarar za ta faɗi ƙasa da 1 dB.

Inda aikin yake da cin rai shi ne haɗin rezonetocin, domin tazara ɗaya ce ke hidimar zango biyu. Kana buƙatar k (ƙarfin haɗin rezonetocin) ≈ 0.041 da Qe (ma'aunin haɗin rezoneta da layin shiga) ≈ 28 a ƙasa, k ≈ 0.108 da Qe ≈ 11 a sama. Ka ciro k daga tsagewar mitoci biyu, (f2² − f1²)/(f2² + f1²), da layukan shiga masu raunin haɗi. Dabarar ita ce ka lanƙwasa rezonetocin har bakunan rassan su fuskanci juna. Tunda reshe ba ya ɗauke da boltej a yanayi na farko, tazarar rassan zangon sama kawai take ƙarfafawa.

Abu ɗaya da za ka lura: ramin toshewa da reshen 0.9 mm ke haifarwa yana can wajen 60 GHz, ba tsakanin zangunan ba. In kana son rami a kusa da 33 GHz, sai ka kusanto da layin shiga da na fita su ɗan haɗu kai tsaye.

Mai_Awo:
Bari in ƙara da abin da kwamfuta ba ta nunawa sai an gaya mata. A 28 GHz lantarki 0.39 µm kawai yake shiga cikin jan ƙarfe, don haka kaushin fuskarsa yana cin Qu sosai. Nemi jan ƙarfe murzajje, ka kuma saka ƙimar kaushin a HFSS. Guji rufin ENIG, wato nikel da zinare a samansa: nikel ɗin da ke ƙarƙashin zinaren ya fi zurfin nan kauri nesa ba kusa ba, ga shi da asara, kuma a gefunan layukan da ke haɗe lantarki ya fi taruwa. Rufin azurfa ya fi.

Tambayi mai ƙera allon iya kuskurensa wajen cin jan ƙarfe. In ±25 µm ne, tazarar 0.1 mm ta canza da rubu'i, L kuma zai iya kauce da 25 µm, kusan 180 MHz. Shi ya sa ake buga kwafi uku ko biyar a faranti ɗaya, kowanne da ɗan bambancin tsawo.

Wajen awo, mahaɗin SMA ba ya kaiwa nan. Mahaɗin 2.92 mm iyakarsa 40 GHz, daidai bakin n260, don haka ɗauki 2.4 mm mai kaiwa 50 GHz ka ga gangaren sama. Ka zana layukan TRL, na daidaita na'urar awo, a kan farantin da filtar take, in ba haka ba asarar mahaɗi za ta shige cikin S21, ma'aunin siginar da ta wuce, ka ɗora wa filta laifi.

Sabon_Injiniya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. To SIW fa, wato hanyar igiya da ake ginawa a cikin farantin da layukan ramuka, ba zai fi rage asarar ba?

Malam_RF:
Zai rage, amma da girma za ka biya. Kogo mai murabba'i na yanayin amo TE101 a 28 GHz a kan farantinka mai εr (ƙimar dielectric) 2.2 kusan 5.1 mm ne kowane gefe, kuma a kaurin 0.127 mm Qu ɗinsa ba ya tashi yadda kake zato, sai ka koma 0.508 mm. In za ka bi ta nan, tazarar ramukan jan ƙarfen da ke zama bango kada ta wuce ninki biyu na faɗin rami, in ta wuce igiyar za ta riƙa zurarewa ta tsakaninsu.