Ɗaukar hoton walƙiya: wa ya taɓa tsallake rijiya da baya?

Ɗan Koyo: Salamu alaikum. Daren jiya na hau saman bene da kyamara, na kafa ta a kan maɗorinta mai ƙafa uku. Hadari yana can nesa, ko yayyafi ba a fara ba. Ina tsaye sai gashin hannuna ya mimmiƙe, ƙarfen baranda yana wani zuu kamar ƙudan zuma. Kafin in ankara wuri ya yi fari fat, haske da ƙara lokaci guda. Har yanzu kunnena na dama bai saki ba. Abin da ya ɗaure mini kai, ai ba a ruwa. Akwai wanda irin haka ta taɓa samu?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi arziki. Rashin ruwan nan shi ke yaudarar mu. Tsawa tana iya faɗawa kilomita 15 daga inda ake ruwan. Ni ƙirge nake yi: daga ganin walƙiya zuwa jin rugugi, kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ke nan. In bai kai daƙiƙa 30 ba, na naɗe kayana. Amma gaskiya ilimin bai hana ni wauta ba. Akwai ranar da na ƙirga 9, na ce bari in ƙara hoto ɗaya tak. Na ƙara biyar. Na shida ban san yadda aka yi na tsinci kaina zaune a ƙasa ba, ƙafafuna sun mutu. Ba a kaina ta faɗa ba, can gefe ta sauka, wutar ta biyo ƙasa ta same ni. Mafi yawan waɗanda tsawa ke kashewa ta haka take samunsu.

Mai Hoton Waya: Baba, sannu. Ni bishiya ce ta kusa ja mini. Ina bidiyo da waya, ruwa ya tsuge, na fake a gindinta. Yayata ce ta fizgo ni tana faɗa. Da safe muka tarar ɓawon bishiyar ya tsage tun daga sama. Ita cewa take wayar ce ta jawo.

Tsohon Hannu: Wayar hannu ba ta jawo tsawa, 'yata. Tsayi da zama kai kaɗai a fili su ne matsalar. A Yulin 2021 a Jaipur ta Indiya, mutum sama da 10 suka rasu a kan wata hasumiya kusa da ganuwar Amer, wasunsu suna ɗaukar kansu hoto. Inda suka hau ne ya ci su.

Direba: Ni daga cikin mota nake ɗauka, gilashi a rufe. Tayoyin roba sun isa kariya.

Ɗan Koyo: Yaya, na ji an ce ba tayoyin ba ne, gangar jikin ƙarfen ce ke zagaye da wutar ta kai ta ƙasa. Shi ya sa babur ba ya kare kowa.

Direba: To, na karɓi gyara. Dama ba na taɓa ƙarfen ƙofa.

'Yar Agaji: Mun taɓa karɓar wani da tsawa ta faɗa wa, mutane suka bar shi kwance, wai suna tsoron wuta a jikinsa. Babu wata wuta da ke saura. A taɓa shi, in ba ya numfashi a fara danna ƙirji nan take. Ɗan Koyo, je a duba kunnen nan, ƙarar tana fasa dodon kunne.

Tsohon Hannu: Yanzu ina ajiye kyamara a bayan taga, in saita ta tana ɗauka da kanta, ni kuma ina tsakiyar ɗaki. Ba na leƙa waje sai an yi minti 30 da rugugin ƙarshe.

Ɗan Koyo: Gobe zan je asibiti insha Allah. Kyamarar tana can sama tun jiya, ban iya komawa na ɗauko ta ba.