Neman kalmar Hausa ga « déficience intellectuelle »

Ƴan uwa masu aikin fassara da ma'aikatan likita na Damagaram, tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar a 2025 nake ganin ya kamata mu tsayar da kalma ɗaya ga abin da takardun asibiti ke kira « déficience intellectuelle ». Ana nufin yaron da koyo, lissafi da kula da kansa ke yi masa wuya tun yana ƙarami, sau da yawa saboda doguwar naƙuda, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko ƙarancin sinadarin aidin a lokacin goyon ciki.

Kalmomin da ke bakinmu, wato wawa, dolo da gaula, zagi ne. Wadda ta fi damuna ita ce "taɓin hankali", domin tana haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, wato wuyar koyo da ciwon hauka. Ɗan yayata, mai shekara 14 a unguwar Birni, ba ya iya ƙirga canji idan an aike shi kasuwar Dole, amma da kakarsa ta rasu ya yi kwanaki zaune a zaure rungume da zanenta, ko fura ba ya karɓa. Maƙwabta suka ce haukarsa ce ta motsa, har wasu suka ba da shawarar a kai shi wurin mai ruƙiya, alhali baƙin ciki ne irin na kowa, sai dai ba shi da bakin faɗinsa. Bai sake ba sai da mahaifiyarsa ta riƙa zama kusa da shi bayan magariba tana ba shi labarin tsohuwar.

An ba ni shawarar "jinkirin fahimta", amma jinkiri yana sa iyaye su zaci wata rana zai kamo tsaransa, su yi ta matsa masa. "Naƙasar ƙwaƙwalwa" kuma ta yi faɗi, har mai farfaɗiya za a iya jefawa ciki.

Ni na tsaya a kan "raunin fahimta", mutumin kuma a ce "mai raunin fahimta". Kalmar ta taƙaita matsalar a kan fahimta, ta bar wa yaron zuciyarsa, ta yadda ma'aikaciyar likita za ta iya cewa: "Yaronki mai raunin fahimta ne, kuma yanzu yana fama da damuwa, ita ce za mu yi wa magani." Masu shirye-shiryen lafiya a rediyo, ina roƙonku ku gwada ta ku gaya mini yadda iyaye suka karɓe ta.