Na warke daga targaɗen idon sawu: in shiga gasar JK ta Ista, ko in haƙura sai baɗi?

Baban Khalil
Assalamu alaikum 'yan uwa masu gudun taswira (orienteering), wato tseren neman tutocin da aka kafa a daji da taswira da kamfas. A kakar da ta wuce na gurɗe idon sawun dama a wani daji, jijiya ta tsage, na yi watanni ba gudu. Yanzu ina zagaya kilomita 5 na parkrun, gudun jama'a da ake yi a wurin shaƙatawa ranar Asabar, ba ciwo, amma ban sake taka daji ba. Ga JK ta 2026, babbar gasar gudun taswira ta Birtaniya, ta ƙarato, Juma'a 3 ga Afrilu zuwa Litinin 6, mako biyu ke nan bayan ƙaramar salla, wato yawancin sauran atisayena cikin azumi zai faɗo. Ajina M45, wato na maza 'yan shekara 45 zuwa 49. In yi rajistar dogon zango ko gajere? Ko in tsaya a tseren cikin gari na Juma'a kawai? Kulob ɗinmu kuma suna son in cike musu gurbi a gudun karɓa-karɓa na Litinin. Wanda ya taɓa dawowa bayan irin wannan rauni ya taimaka min.

Ɗan Gumel
Wa alaikumus salam. Takalmi, Malam. Ka sayi mai ƙusoshi a ƙasa, ni fam 120 na sayi nawa, tun daga nan santsi bai sake kayar da ni ba.

Maman Ilham
Fam 120? An yi maka tsada. A rumfunan da ake kafawa a filin taro na samo wa maigida a fam 75. Kuma ba takalmi ya tambaya ba.

Bukar na Leeds
Baban Khalil, kai da kakanninka suka kai shanu daga Adamawa har Borno ba taswira ba kamfas, yau an ba ka duka biyun kana tambayar ko za ka iya? Ka shiga, in ka ɓata mu iyayen gidanka za mu zo nema.

Baban Khalil
Babarbare ke nan. Ka fara nemo tuta ta uku da ta gagare ka bara tukuna.

Yaya Habu
Ƙanena, ka bar wasan nan ka saurare ni. Irin rauninka na samu, ƙafar hagu. Ni ma kan kwalta na gwada kaina, na ga lafiya lau, na yi rajistar gajeren zango ina ganin na yi dabara. To gajeren zango na ajin shekaru tsawonsa kawai aka rage. Dajin ɗaya ne, tutocin a ɓoye suke kamar na dogon, bayan dutse, cikin rami, gefen fadama. Ƙafa ba ruwanta da kilomita nawa aka rubuta a takarda, inda aka dasa ta ta sani. Kuma a daji idonka na kan taswira ne, ba ya kan ƙasa.

Ina gangarowa wani tudu, wurin da taswira ta nuna fari, wato dajin da ake iya gudu, ashe an sare rassa an bar su, gansakuka ta rufe. Ƙafar ta shige tsakanin biyu. Na ji ƙarar da kunnena. Na ciro usur na busa sau shida, na huta, na sake, kamar yadda aka koya mana. Wata dattijuwa ce ta bar tserenta ta tsaya a kaina har masu agaji suka iso, Allah Ya saka mata. Karaya ce wannan karon, sai da aka sa ƙarfe.

Abin da ya fi karayar ci min rai shi ne mutanen da suka matsa min in shiga don kada tawagarsu ta rushe. Ina kwance, saƙo ɗaya ya shigo, ana tambayar ko zan mayar da katin yatsan da na ara, wanda ke ɗaukar lokaci a kowace tuta. Aikina na tsaye ne, albashi ya ragu, haya ba ta jira. Har yau ban koma kulob ɗin ba.

Maman Ilham
Inna lillahi. Allah Ya ƙara sauƙi Yaya Habu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya faɗa haka yake: idon sawun da ya taɓa gurɗewa ya fi saurin sake gurɗewa, musamman idan ba a yi atisayen daidaita tsayuwa ba. Baban Khalil, za ka iya tsayawa kan ƙafar ita kaɗai ido a rufe? Za ka iya ɗingishi a kanta gaba da gefe ba tare da tsoro ba? Ka je likitan gashin ƙashi (fisiyo) ya gwada ka kafin ka biya kuɗin rajista.

Alhaji Uppsala
Da girmamawa Hajiya, wanda bai shiga daji ba bai kamata ya yanke hukuncin daji ba. Na daɗe ina yin O-Ringen, babbar gasar gudun taswira ta nan Suwidin, matakai biyar ne cikin mako guda a watan Yuli, kuma za ki ga 'yan shekara 80 da ƙafafu ɗaure da filasta suna fita kowace safiya. A ɗaure ƙafar da kyau, a rage gudu, a bi hanyar ƙafa ko da ta fi zagaye. Ai zaɓen hanya shi ne wasan. Mai karatun taswira da kyau yana tafiya ya riga mai gudu.

Maman Ilham
Alhaji, ni nake karɓar waɗanda filastar ba ta cece su ba. Kuma wa ya ce maka ban shiga daji ba? Ina yin zangon kore, gajere ne amma mai wuyar taswira.

Ɗan Gumel
Likitan gashi na kuɗi fam 60 ne zama ɗaya.

Bukar na Leeds
Fam 45 a wajenmu. Na gwamnati kyauta ne, amma kafin layi ya zo kanka an gama JK ta baɗi.

Sadiya M.
Babu wanda ya taɓo maganar azumi. A 2024 Ista ta faɗo cikin Ramadan, na yi tseren matsakaicin zango da azumi a bakina, wajen ƙarshe ina kallon layukan da ke nuna tudu a taswira ban gane hawa ba ne ko gangara. Gajiya kai take fara kamawa kafin ƙafa. Yaya, in za ka yi atisaye, ka yi shi dab da shan ruwa, a ciyawa ko ƙaramin daji, ba kwalta ba. In ni ce, tseren Juma'a zan shiga, taswirar 1:4,000, minti goma sha wani abu an gama.

Yaya Habu
Cikin gari ma akwai matakala da juyawar gaggawa. Kuma kada ka yarda da na Litinin. Mutum biyu na jiran ka, ba za ka iya tafiya a hankali ba ko ka yi niyya.

Alhaji Uppsala
Habu, abin da ya same ka ya same ka, amma ba a hana kowa hawa doki don mutum ɗaya ya faɗo.

Malam Sani Bradford
Tunda an kawo maganar Juma'a, ni damuwata ke nan duk shekara. Lokacin fara tsere yakan ci karo da salla, kuma ba kullum ake samun masallaci kusa ba. Sannan maganar mota. Dazuzzukan nan bas ba ya zuwa, ranar hutu jirgin ƙasa ma sai a hankali. Mu nan muna da masu mota, amma kowa ya cika tasa da iyalinsa ya wuce, ɗalibai su yi ta roƙo. Yara biyu na sani da suka daina zuwa saboda haka.

Ɗan Gumel
Na ɗauki mutum uku bara, ko kuɗin mai babu wanda ya miƙo, ga laka har rufin mota.

Sadiya M.
Ai da ka faɗa tun farko a raba. Ɗalibi ba zai ƙi ba da fam 10 ba, kunya ce ke hana shi tambaya.

Baban Khalil
Na gode duka. Maman Ilham, na gwada tsayuwar, ido a rufe ƙafar tana rawa. Amma har yanzu ban ji wanda ya dawo lafiya ya faɗi yadda ya yi ba.

Malam Sani Bradford
Baban Khalil, in ka yanke za ka je, kujera nawa ce ta rage a motarka? Akwai yaro ɗaya a nan da ya riga ya biya rajista.