Neman kalma: modil, kalibireshin da balideshin a aikin ruwa

Mai fassara a gidan rediyo, Katsina:
Assalamu alaikum. Ina haɗa shiri kan hasashen ambaliya da hukumar lura da ruwan koguna ta ƙasa, NIHSA, ke fitarwa kafin kowace damina, kuma kalmomi uku sun tsaya mini a wuya: modil, kalibireshin da balideshin. Wanda na tambaya ya ce wai duk a ƙarƙashin kwaliti ashurans suke, kun ga ya ƙara mini ta huɗu ke nan. Manomin Batsari ba zai saurari wannan ba. Masana, a agaza.

Injiniyan ruwa, Dutsin-Ma:
Wa alaikumus salam, Malam. Bari in faɗi abin tukun, kalma ta biyo baya. Ɗauki dam ɗin Zobe da ke kan kogin Karaduwa, wanda aka kammala a 1983. Kana son sanin ruwan da zai shiga cikinsa bana. Sai ka zuba wa kwamfuta ruwan saman da aka auna, da taswirar tudu da gangare, da irin ƙasa, jigawa ce mai shanye ruwa ko laka ce mai riƙe shi, da abin da rana ke kwashewa. Ita kuma ta lissafa abin da zai gangaro kogi kowace rana. Wannan lissafin da ke tsayawa a madadin kogin, shi ne modil. Akwai manhajoji na musamman: SWAT da HEC-RAS na Amurka, da MODFLOW na ruwan ƙarƙashin ƙasa, da MIKE SHE na Denmak. Ni dai samfuri nake cewa.

Malamin Hausa, Daura:
Injiniya, a yi mini afuwa, samfuri bai zauna ba. Da ka ce samfuri, ɗan kasuwa zai ɗauka ƙyallen da ake nuna wa mai saye kake nufi, wato yanki daga cikin ainihin kayan. Naku kuwa ko ɗigon ruwan Karaduwa babu a cikinsa. Kwaikwayo ya fi kusa, amma wasa ya riga ya cinye kalmar. Ni kwatanci na zaɓa. Kwatancin kogi a kwamfuta. Bahaushe ya san wanda ya yi maka kwatancen gida bai kai ka gidan ba, kuma yana iya mance wata kwana. Kalmar da kanta tana jan kunnen mai saurare.

Injiniyan ruwa:
Na sallama, ranka ya daɗe. Kalibireshin kuma ba ya buƙatar dogon zance. Akwai lambobin da ba a iya aunawa kai tsaye, kamar yawan ruwan da ƙasar yankin gaba ɗaya ke tsotsewa, sai a yi ta murɗa su har lissafin ya yi kusa da abin da sandar awo ta nuna a gindin gada. A ofis saiti muke cewa.

Malamin Hausa:
Saiti ya daɗe da zama ɗan gida, ko mai gyaran agogo da shi yake aiki. A bar shi.

Ɗaliba mai digiri na biyu, Katsina:
Malam, balideshin ai tabbatarwa ce. Haka na gani a fassarori da yawa.

Injiniyan ruwa:
A nan ne zan ja, ƙanwata, don a nan ake cutar mutane. Ba a tabbatar da kwatanci. Abin da ake yi shi ne, idan kana da bayanan shekara 20, ka yi saiti da 12, ka ɓoye 8. Sannan ka ba shi ruwan saman waɗannan 8 ɗin ba tare da ka sake taɓa komai ba, ka ga ko zai faɗi abin da kogin ya yi. Wani masani mai suna Klemeš ya tsara wannan hanya a 1986, har ya ƙara wata mai tsauri: idan fari kake son hasashe, yi saiti da shekarun ruwa, ka gwada da shekarun fari. Mu nan ba baƙin wannan ba ne, iyayenmu sun ga 1973, sun ga 1984. Kwatancin da bai taɓa haɗuwa da shekara irin waɗannan ba, ba shi da bakin faɗin abin da zai rage a dam ɗin Ajiwa ko na Sabke in sun dawo.

Har maki ake ba shi. Akwai ma'aunin Nash da Sutcliffe na 1970: maki 1 ya dace cif, sifili kuwa na nufin bai fi wanda ya ɗauki matsakaicin ruwan kogin ya riƙa maimaitawa kullum ba. To a ce ya ci 0.7 a Karaduwa. Ya ci a wannan kogin, a waɗannan shekarun, ga wannan tambayar. Ka kai shi kogin Gada a Jibiya, sabon zance ne. In ka gaya wa mutanen Jibiya, waɗanda ruwa ya ci gidajensu da 'yan uwansu cikin dare a Yulin 2018, cewa an tabbatar, ka yi musu alƙawarin da ba za ka iya cikawa ba.

Ɗaliba:
To tantancewa fa?

Malamin Hausa:
Ta tafi wajen 'yan takara da alhazai, 'yata, takardu ake dubawa a can. Abin da Injiniya ya bayyana jarrabawa ce: an ɓoye amsa, an yi tambaya, an ba da maki, kuma ana iya faɗuwa. Saiti, sannan jarrabawa.

Tsohon ma'aikacin awon ruwa, Mani:
Ku yara kuna ta kwamfuta, mi za ku ce da awon kansa? Kogunanmu yashi ne. Damina guda ta isa ta sauya gindin kogi, sanda na nuna mita ɗaya kamar bara, amma ruwan da ke wucewa ba na bara ba ne. Ga ranakun da mai karanta sandar bai je ba, ya zauna gida ya cike takarda daga kansa. Na ga shafin da lamba ɗaya ta jeru sati biyu cikin Agusta.

Injiniyan ruwa:
Baba, ka taɓo kalma ta huɗu. Kwaliti ashurans ba dubawar ƙarshe ba ce. Tun daga farko ake rubuta wace tambaya ake son amsawa, daga ina bayanai suka fito, wanne aka zubar kuma don me, wa ya murɗa wace lamba, sannan wani da ba ya cikin aikin ya duba a kowane mataki. Holan ta fitar da littafin jagora a kan haka a 1999, Tarayyar Turai ma ta yi aikin HarmoniQuA daga 2002 zuwa 2005. Ana cewa tabbatar da inganci, amma kun ji ra'ayina kan tabbas.

Malamin Hausa:
Kiyaye inganci. Kiyayewa aiki ne da ba ya yankewa. Rubutun nan kuma kundin aiki.

Ɗaliba:
Ni dai a rubutuna tabbatar da inganci zan bari, shi kowa ya sani a NAFDAC da SON, hukumomin duba ingancin kaya. Sauran ukun na karɓa.

Mai fassara:
Na gode ƙwarai. Ga abin da zan karanta: “An yi hasashen ne da kwatancin kogi a kwamfuta, wanda aka saita da awon shekarun baya, aka kuma jarraba shi da wasu shekarun daban.”

Injiniyan ruwa:
Kafin ka karanta, Malam, ka tambaye su waɗanne shekaru ne, kuma maki nawa ya ci. In ba su faɗa ba, cire rabin jimlar na biyu.